Yadda ake kwanan tanti a bakin teku a tsibirin Assateague

Duk wanda ya tashi a garin da ake hawan sallah, in ya ga doki hannunsa kan riga hankalinsa miƙewa. Zai so ya shafa wuya, ya leƙa haƙora, ya ɗan yi masa magana a kunne. A tsibirin Assateague wannan sabo shi ne kaya na farko da za ka sauke ka bari a gida. Dawakan can ba su san linzami ba, ba su san turke ba, ba su da ubangida. Yawo suke a tsakanin tantunan mutane kamar awakin unguwa, sun kuma fi awakin unguwa sanin inda ake ɓoye abinci.

Tsibirin yana gaɓar gabashin Amurka, dogo ne siriri, tsawonsa kilomita 60, kansa a jihar Maryland, ƙafafunsa a Virginia. Tekun Atlantika na gabas da shi, a yamma kuma fadama ce da wani lafaffen ruwan gishiri da ya raba shi da tudu. Tun 1965 gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun da take karewa. Daga Washington ko Baltimore tafiyar awa 3 ce a mota in hanya ta yi kyau. Ka bi babbar hanya mai lamba 50, ka haye doguwar gadar Chesapeake, ka miƙe har dab da Ocean City, sannan ka karya kudu a kan hanya mai lamba 611, ita za ta sauke ka a gadar shiga tsibirin. 'Yan'uwanmu mazauna waɗannan birane da yawa sun san Ocean City da otal-otal ɗinta, amma kaɗan ne suka taɓa kwana a rairayin da ke kudu da ita da 'yan miloli. Bayanina na wanda bai taɓa yi ba ne, musamman mai tafiya da iyali.

Zaɓi lokaci, sannan ka kama wuri

Ba a kwana a ɓangaren Virginia. Sansanonin duk suna Maryland, kuma gida biyu ne da baƙo kan rikita. Da ka sauko daga gada, na gwamnatin jiha ne a gabanka. In ka karya dama ka ci gaba kudu, sai ka iso ƙofar na tarayya. Na jiha yana da banɗakuna masu ruwan zafi, wasu filayen har da lantarki. Na tarayya babu lantarki, wanka da ruwan sanyi, masai kuma irin mai magani ne, ba ruwa a ciki. Ni na tarayya na fi so saboda yalwa da shiru, amma in akwai tsohuwa a tafiyar ko jariri, ka ɗauki na jiha, ba abin kunya ba ne.

A na tarayyar filaye iri uku ne. Akwai na gefen teku da mota ke kaiwa har bakin filinka. Akwai na gefen teku da za ka ajiye mota ka ɗauki kaya a ka ko a kafaɗa, taku ɗan kaɗan a cikin rairayi. Akwai kuma na gefen fadama, inda ake samun 'yar inuwar itatuwa da faɗuwar rana mai kyau, da sauro wanda ba a ba yaro mai ƙiwa labarinsa. Karon farko ka nemi na gefen teku mai shigar mota. Motar ita ce rumbunka, ita ce kuma mafakarka in hadari ya taso, saboda haka kana son ta kusa. Kada kuma kalmar "gefen teku" ta sa ka zaci a kan gaɓa za ka kwana. Ba a kafa tanti a gaɓar kanta. Filayen suna bayan tudun rairayi, kana jin rugugin ruwa amma sai ka taka ka hau kafin ka gan shi.

A na tarayyar, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Nuwamba ba a kwana sai da kama wuri tun da wuri, a shafin Recreation.gov. Ana buɗe kowace rana wata 6 kafin ta zo, kuma Juma'a da Asabar na lokacin zafi kan ƙare a ranar da aka buɗe su. Wato mai son kwana a watan Satumba tun Maris zai zauna gaban kwamfuta. In ka makara, nemi tsakiyar mako, ko ka riƙa leƙawa, don mutane na fasa tafiya. Fili ɗaya na mutum 6 ne, kuma kuɗin shiga gandun daban yake da kuɗin filin.

Wane wata? Yuli da Agusta ruwa ya yi ɗumi, yara na hutu, amma lokacin ne sauro da ƙuda mai cizo ke kan ganiyarsu, gaɓa kuma ta cika maƙil da jama'a cikin shigar da ba kowane magidanci ne zai so ya zauna da iyalinsa a tsakiyarta ba. Ni zaɓina daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Makarantu sun koma, ƙwari sun ragu, teku bai gama hucewa ba, kana iya tafiyar minti 10 a gaɓa ka samu wurin da ba kowa sai ku da tsuntsaye. Illarsa ɗaya, lokacin guguwar Atlantika ne, wadda kakarta ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba. Tun saura mako guda ka riƙa bin hasashen yanayi. In an ce guguwa na tafe, ka fasa.

Haɗa kaya, ka gwada su a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tantin da ka saya, ka kafa shi sau ɗaya a tsakar gida ko a falo, ka san wace sanda ke shiga wane hannu. Wanda ya fara buɗe kwalin tanti a bakin teku, da iska na kaɗawa da magariba na kawo kai, shi da matarsa sai sun yi faɗa.

Tanti gajere mai zagayayyen kai ya fi dogo mai miƙaƙƙen bango, don iska na bi ta kansa ta wuce. Ka tabbata yana da rufi na biyu mai saukowa har ƙasa, da raga mai ƙananan idanu. Abin da ya fi tantin kansa muhimmanci shi ne turaku. Waɗannan 'yan siraran ƙarafa da ake sakowa a jakar tanti na ƙasa mai tauri ne, a rairayi ba su da wani amfani. Sayi dogayen turakun rairayi masu faɗi, tsawon santimita 30 zuwa 45, adadin kusurwoyin tantinka da igiyoyinsa, ka ƙara huɗu. Ka haɗa da guduma, da ƙaramin shebur, da igiya mai ƙwari kamar mita 20, da 'yan buhunan shinkafa da suka ƙare. Amfanin buhunan na zuwa.

Inuwa babu ita a gefen teku, ko ta ɗan yatsa. Ka tafi da rumfa, in so samu ne mai raga a gefe, wadda za ku zauna ciki ku ci abinci sauro na kallonku daga waje. Sai tabarma ko katifar iska, da bargo ko da lokacin zafi ne, don asubar bakin teku da sanyi take zuwa. Sai tocila ta goshi ga kowane mutum, jarkar ruwa, bokiti, buta, ƙaramar tsintsiya, murhun gas na tafiya, ashana a cikin leda, batirin cajin waya. Tufafi masu dogon hannu, farare ko masu haske, da safa, da takalmi rufaffe ban da silifa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET ko picaridin, da matsefata.

Abinci kuwa ka sauƙaƙa wa kanka. Kilishi, dambun nama, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, burodi, ƙwai, taliya, kayan shayi. Miya a dafa ta a gida a daskarar, ta zama ƙanƙarar kula a hanya, ta zama abincin dare a can. Naman da za ka gasa ka saye shi a shagon halal na garinku, ka tsuma shi da yaji tun a gida. Ƙanƙara da ruwan kwalba ana samu a Berlin, wani ƙaramin gari kusa da tsibirin, da shagunan kan hanyar 611. Ita kular a samo mata ɗamara mai ƙarfi da za a ɗaure murfinta tamau.

Itace kada ka ɗauko daga wata jiha, an hana, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikin ɓawo suna kashe dazuzzuka. A bakin hanya kafin gada ana sayar da shi ɗauri-ɗauri.

Isa da rana tsaka

Yi sammako. Ranar Juma'a da yamma da safiyar Asabar gadar Chesapeake kan cunkushe, tafiyar awa 3 ta koma 5. Kana so ka iso da sauran rana mai yawa a sama. Cika tanki kafin ka haye tsibirin, babu gidan mai a ciki. Da ka sauko daga gada ka rage gudu sosai, domin dawakai na tsayawa a tsakiyar titi yadda suka ga dama, kuma mota ta sha kashe su. In ka ga motoci sun yi cirko-cirko, doki aka gani. Kada ka bi sahu ka tsaya a kan hanya, za ka gan su har ka gaji.

A ofishin sansani ka nuna takardarka, ka karɓi taswira, ka karanta allon sanarwa. Can ake rubuta yanayin ruwa da wuraren da aka killace saboda tsuntsayen da ke ƙwai a rairayi. Motarka kuma ta tsaya a kan daɓen da aka yi mata. Taya ɗaya in ta sauka a rairayi mai laushi, ka shiga aikin da ba ka zo yi ba.

Kafa tanti

Nan ne aikin yake, a nan kuma na sha kashi a zuwana na farko. Na kafa tanti da waɗancan 'yan turaku, na ga ya tsaya ƙyam, na ce shi ke nan. Wajen ƙarfe 2 na dare iska ta juya, gefe ɗaya ya tumɓuke, rufin ya riƙa marin fuskata, na fita da gajeren wando ina tonon rairayi da murfin tukunya. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji Bahaushe. Daren nan ni ne mai kayan karan.

Kafin ka sauke komai, tsaya ka ji daga ina iska ke busowa. Ka duba filin. Kauce wa kwari, don in an yi ruwa nan yake taruwa. Kauce wa jikin ciyayi da ƙananan itatuwa, nan kaska take, nan kuma wani tsiro yake mai ganye uku-uku a reshe wanda taɓa shi ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi na kwana da kwanaki. Duba ƙasa ko akwai sawun kofato da kashin doki a jere. In akwai, hanyarsu ce, matsa gefe.

Share wurin, ka shimfiɗa tampol wanda bai fi gindin tantin faɗi ba. In ya leƙo waje, ruwan sama zai tara ya kai maka ƙarƙashin shimfiɗa. Juya tantin ƙofarsa ta ba iska baya, gefensa mafi ƙanƙanta ya fuskance ta. Tun yana kwance a ƙasa, kafin ka sa sanda ko ɗaya, ka kafe kusurwoyi biyu na ɓangaren iska, ka jefa jaka mai nauyi a ciki. Tantin da aka ɗaga ba a kafe ba, sai dai ka bi shi da gudu.

Rairayin sama busasshe ne, ba ya riƙe komai. Kwashe shi da shebur har ka iske mai danshi, sannan ka buga turke a karkace, kansa na kallon nesa da tantin, ka nutsar da shi duka, ka mayar da rairayi ka taka. Igiyoyin da ke jikin rufin ba ado ba ne, a ɗaure su duka, ko da yamma ta yi lumui. Ga kuma amfanin buhunan nan: cika buhu da rairayi rabi, ɗaure bakinsa da igiyar tanti, tona rami mai zurfin kamu biyu, ka binne shi ka tattake. Guntun itace ma na yi, a ɗaura igiya a tsakiyarsa a binne shi a kwance. Abin da aka binne haka, sai dai igiyar ta tsinke. Rumfa ta fi tanti son tashi, ita ƙafafunta huɗu duk haka za ka yi musu, in kuma za ku bar sansani ko za ku kwanta, ku sauke ta.

Bokiti da ruwa kaɗan a bakin ƙofa, kowa ya tsoma ƙafa kafin ya shiga. Zif a rufe kullum. Duk da haka rairayi zai shiga, za ka ji shi a bargo, za ka tauna shi a burodi. Tsintsiyar ta rage shi ne kawai.

Maganar dawakai

Garken Maryland bai kai ɗari ba a shekarun baya-bayan nan, hukumar gandun ce ke lura da yawansu, amma ba ta ba su abinci, ba ta yi musu komai irin na dokin gida. Gajeru ne masu tumbi, saboda ciyawar fadama da suke ci gishiri ne da ita, ruwan da suke sha ya ninka na dokin gida. Na Virginia garke ne daban, shinge ya raba su, mallakar 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin Chincoteague, su ne ake korawa su yi iyo su haye ruwa a ƙarshen Yulin kowace shekara.

Dokar a fili take: tsakaninka da doki ƙafa 40, wajen mita 12, tsawon babbar bas. Ba a taɓawa, ba a ba su abinci, wanda aka kama tara zai biya. In dokin ne ya nufo ka, kai za ka ja da baya. Suna cizo, suna harbi, kuma yaro ne ya fi shiga hatsari saboda kansa daidai kofato yake. Ka zaunar da yara tun a mota ka gaya musu wannan ba dokin Sarki ba ne.

Abinci shi ne tushen rigimar duka. Sun koyi buɗe kula da baki, sun san ƙarar leda, sun san jakar da ake sa burodi. Kowane fili yana da tebur, a ƙarƙashinsa an yi wurin ajiya mai ƙofa don kula. Abinci ko dai yana can a ɗaure, ko yana cikin mota a rufe. Ba a kwana da shi a tanti, ko da alawa ce a aljihun yaro, domin doki ba ya neman ƙofa, yaga bango yake. Rumfar raga ma ba ta tsare komai. In za ku ci, ku fito da abin da za ku ci yanzu kaɗai, wani ya riƙa waiwaye. In sun doso, ku tattara kwanuka ku shige mota, su gama shinshine-shinshinensu su wuce. Kada ka ce za ka daka musu tsawa irin ta gida, ko ka ɗaga sanda. Bawon kankana, ruwan wanke-wanke, shara, duk a kai inda aka tanada nan take.

Wannan tsanani don su ne ma fiye da kai. A 2017 wata goɗiya ta mutu bayan ta ci abincin karnuka da aka bari a fili. A 2022 kuma sai da aka ɗauke wani ingarma daga tsibirin gaba ɗaya aka kai shi Texas, don ya saba da abincin mutane har ya zama yana far musu. Sabo turken wawa, ashe har doki bai tsira ba.

Wuta da magariba

Kowane fili da murhunsa na ƙarfe, a nan ake hura wuta. Murhun gas kuma a kare shi daga iska da jikin mota ko kula, in ba haka ba ruwan shayi sai ya shekara bai tafasa ba. Ba a girki a cikin tanti, ba a shigar da garwashi don jin ɗumi. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri kisa yake yi ba sallama.

Ku gama girki da cin abinci kafin rana ta faɗi. Da iska ta kwanta, sauron fadama ke fitowa, kuma ba irin mai kuka a kunne yana neman izini ba ne, taron dangi yake yi. Ba ya ɗauke da zazzaɓin da muka sani a gida, amma yana iya korar mutum daga sansani. Dogon hannu, safa, magani, kafin magariba ba bayanta ba. Lura da iska: in daga teku take, kun huta. In ta juyo daga yamma, ta kan fadama, to ta kwaso ƙwari har gaɓa. Da rana a tsakiyar zafi akwai wani ƙuda mai koren kai, cizonsa kamar an soka allura, magani bai cika damunsa ba, tufa mai kauri da haske ce kawai dabara. Kaska ta fi su duka sharri ko da yake ba a jin cizonta, don tana sa cutar Lyme. Kowane dare a duba jikin yara da tocila, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi. In an gani, a kama ta da matsefata dab da fata a ja a hankali a miƙe, ba a murɗawa, ba a ƙona ta. In daga baya wani jan zobe ya fito a wurin ko zazzaɓi ya zo, sai asibiti.

An yarda a hura wuta a gaɓa, amma a ƙasa da iyakar da ruwa ke kaiwa in ya ciko. Za ka gane iyakar da layin ciyawar ruwa da ɓawon kifi da teku ya bari. Teku na cikowa sau biyu a yini da dare, kullum yana makara da kamar minti 50, saboda haka ka duba jadawalin ranar. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15. In kun gama, a kashe wutar da ruwa har ta yi sanyi. Kada a binne ta da rairayi, garwashin na nan da ransa har safe yana jiran ƙafar wani. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne a sansani. Mu da hira ba ta yi mana daɗi sai da shewa, sai a kula.

Salla

Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, wajen digiri 58 daga arewa. Mutum kan zaci in ya fuskanci teku ya fuskanci gabas shi ke nan. A'a, in ka fuskanci ruwa sai ka karkata hagu sosai. Duba da waya tun da rana, ka ja layi a rairayi ko ka kafa sanda. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ga kuma famfunan ruwan sha a sansani. Buta dai kada ta bar hannunka in za ka masai. Tafiyar daga Washington ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba. A watan Yuni alfijir na ketowa wajen ƙarfe 4, isha kuma sai wajen 10, to ka san yadda za ka raba barcinka. Sallaya a danne kusurwoyinta da takalma. Ban san wata sallar asuba da ta kai ta kan wannan gaɓar daɗi ba, ka idar kana zaune, rana ta ɓullo daga cikin ruwa.

Shiga ruwa

Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a dam, ya sani teku wani abu ne daban. A lokacin zafi akwai yankin da masu ceto ke gadi, a nan kaɗai za ku shiga, in kuma ba sa nan, iyakarku gwiwa. Babban hatsarin shi ne wata 'yar siririyar hanyar ruwa mai komawa ciki da ƙarfi, tana jan mutum daga gaɓa. Daga tudu takan yi kama da wuri mai lafiya, don raƙuman ruwa ba sa fashewa a nan, launinta kuma ya fi duhu ko ya yi gauraye da yashi. In ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta a kan ruwa ka ɗaga hannu. Doguwar riga da zane in sun jiƙe nauyi suke yi suna naɗe ƙafa, mata su nemi kayan iyo masu rufe jiki da aka ɗinka don haka. Yaro kuma kada ya wuce inda hannunka zai kai. Ramin da yara ke tonawa kada ya wuce gwiwarsu, a cike shi kafin a tashi, rairayi na ruftawa.

Baƙar fata ma rana na ƙona ta a nan, ga ta sama ga wadda ruwa ke maidowa. Hula, man kariya, ruwan sha a kai a kai.

In ka samu sarari da safe, ka bi gajeriyar hanyar ƙafa da ke ratsa tuddan rairayi a kudancin sansani. Za ka ga gutsattsarin kwalta a tsakiyar yashi, ragowar wani titi ne da aka shimfiɗa a shekarun 1950 lokacin da aka yanka tsibirin fuloti-fuloti za a yi gari. Guguwar watan Maris na 1962 ta share gidajen da aka fara ginawa, daga nan maganar gari ta mutu. Tudun rairayin kuma ba a hawansa sai ta inda aka yi mahaya, don ciyawar kansa ce ke riƙe shi, shi kuma yake tsare tantinka daga teku.

In hadari ya taso da dare, ka ji tsawa, kowa ya tashi ya shiga mota a rufe gilashi. Tanti ba ya tsare aradu, a fili irin wannan kuwa kai ne abu mafi tsawo. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba ake komawa.

Tashi

Raɓar bakin teku kamar ruwan sama take, da safe za ka iske rufin sharkaf. Cire shi ka baza a kan mota ya sha hantsi yayin da kuke karin kumallo, kana lura da lokacin tashi da ke rubuce a takardarka. Tono buhunan da ka binne duka, ka zazzage, ka cike ramukan, ka ƙirga turakunka. Juya tantin ciki waje ka kakkaɓe. Bi filin da ido sau biyu, guntun igiya da leda da murfin kwalba duk a tsince, doki na haɗiye su. A gida kuma aiki bai ƙare ba: sandunan tanti da zif da turaku a ɗauraye su da ruwan famfo, don gishiri na cin ƙarfe, a shanya tantin ya bushe ƙayau kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna. Motar a kai ta wanki, a ce su fesa ƙarƙashinta da kyau. A sake duba jikin yara ko kaska ta biyo ku, tufafin tafiyar kuma a fara jefa su a injin busarwa da zafi sosai na minti 10 kafin a wanke.